Ranar da Dakta Ya Ɗaga Allurar Garmaho

Na daɗe ina kewaye wannan shekara a cikin rubutun nan. Na ba ku labarin Rawayya inda aka haife ni, na ba ku na makarantar koyon jinya, amma duk sa'ad da na iso kanta sai in ajiye alƙalami in ce hannuna ya gaji. Yau ba zan ajiye ba. Kun tashi kuna jin cewa Baba Almu na Tsafe ne ya raba mahaifinku da aikinsa saboda hassada, har wasunku suka koma kau da kai in sun gan shi wurin suna ko jana'iza. Ba haka abin ya faru ba. Mahaifinku ya koma ga Allah bai gyara maganar ba, Baba Almu kuwa ba mutumin da zai buɗe baki ya wanke kansa ba ne. Saura ni.

Tare suka tafi karatun likita, su biyu, wata ƙasa mai tsananin sanyi a gabashin Turai. Can suka ɗauko son wani irin kiɗa da ban taɓa jin kamarsa ba kafin in shigo gidan Dakta, mahaifinku. Makaɗa ne kusan ɗari suke zama wuri ɗaya, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna, babu mai waƙa ko ɗaya, sai mutum guda tsaye gabansu da ɗan siririn sanda yana jagorarsu. Simfoni suke kiransa. Kiɗa ɗaya sai ya haura awa guda bai ƙare ba. Farkon aurenmu da ya sa mini faifan, na zauna ina jiran mawaƙin ya shigo, har abin ya ƙare bai shigo ba. Inna, kakarku, in ta zo mana daga Bungudu ta ji shi, sai ta ɗauki tabarmarta ta koma bayan gida, ta ce ita ba ta zama inda aljanu ke makoki.

A shekarun da nake magana, mahaifinku shi ne babban likitan yara a asibitin da muke aiki a Gusau, ni kuma nake shugabantar ma'aikatan jinya na ɗakin yaran. Baba Almu ya bar duba marasa lafiya, ya koma ma'aikatar lafiya, asibitoci suna ƙarƙashin ofishinsa. Amma ranar Asabar ba a maganar ofis. Da an sallame la'asar za ku ji motarsa ta tsaya, ya taso tun daga Tsafe, a kore ku zuwa tsakar gida, a rufe tagogin falo, in kawo shayi da soyayyar gyaɗa. Akwai kiɗa ɗaya da suka fi komawa kansa. Wanda ya tsara shi ya rasu fiye da shekara ɗari, kuma an ce ya rubuta shi ne bayan likitoci sun gaya masa zuciyarsa ba za ta kai shi nesa ba. Faifai biyu gare su na wannan kiɗa. Ɗaya wani tsohon jagora ne, an ɗauka a gaban jama'a, yana jan abin a hankali. Ɗayan wani mai jini a jika ne, an ɗauka a ɗaki rufe, tsaf, ba ƙarar komai. Ba sa sa shi duka, don magariba za ta riske su. Kashin ƙarshe kawai suke sawa, na wannan sannan na wancan, sai gardama ta tashi.

"Tsohon nan naka barci shikai," in ji Baba Almu. "Ya ja abu har ya tsinke. Mutum na iya zuwa kasuwar Bilbis ya dawo bai kai ƙarshe ba."

"Kai dai gaggawa ta yi maka yawa," in ji Dakta. "Naka yaron sauri shikai kamar wanda anka biya shi ya gama ya tashi. Wanda ya san mutuwa na jiran shi ba ya gudu zuwa gare ta."

Shekara da shekaru suna wannan, babu wanda ya taɓa sauka daga ra'ayinsa. Ni da fari guga nake yi a bakin ƙofa ina jinsu. A hankali kunnena ya saba, har na koma ajiye gugar in an zo ƙarshe. Ƙarshen nan shi ne abin. Duk masu busa da ganguna sai su yi shiru, a bar 'yan goge kaɗan, sautinsu yana sirancewa kamar zare, ya ɗauke, ka ce ya ƙare, sai ya dawo ƙasa-ƙasa, ya sake ɗaukewa. Duk wadda ta taɓa zama gefen gadon mai jinya tana sauraren numfashinsa ta san wannan. A faifan tsohon, daidai cikin wannan wuri, akwai wani bawan Allah cikin 'yan kallo da ya yi tari. Duk Asabar sai Dakta ya ɗaga hannu ya ce Allah ya shirya mai tarin nan, Baba Almu ya yi dariya ya ce ai tarin ne kaɗai abin da ke tashe mutane.

A shekarar nan, abu na farko da na lura shi ne ya daina yi wa mai tarin addu'a. Ban ɗauke shi komai ba. Sai na ga ya matso da kujerarsa kusa da lasifika. Sai rediyon safe ta fara ƙara har maƙwabta na jin labarai daga gidanmu. In na yi masa magana daga bayansa, wani lokaci sai na maimaita, ya ce hankalinsa na wani wuri. Na yarda, don mutum ne mai yawan tunani.

Wata Asabar cikin damina aka sa faifan tsohon. An zo ƙarshe, gogen nan suna ta sirancewa, ni ina tsaye da butar shayi ban zuba ba. Ana tsakiyar haka, kiɗa na tafiya, ina jinsa sarai, sai Dakta ya sauke numfashi, ya miƙe, ya je ya ɗaga allurar garmahon. Ya juyo fuskarsa cike da gamsuwa.

"To, ka ji yadda ake rufe kiɗa," ya ce.

Saura kusan minti biyu a faifan. Mutumin da in kuda ya yi motsi a wannan wuri sai ya harare shi, shi ne ya yanke abin da hannunsa, kuma bai san ya yanke ba. Na dubi Baba Almu, ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu komai ciki. Ya ce lalle yau tsohon ya yi ƙoƙari. Ranar ce ta farko da ya taɓa yabon faifan, kuma ban ji daɗin yabon ba ko kaɗan.

Da a falo abin ya tsaya, da na yi shiru har in mutu. Amma aikin likitan yara rabinsa kunne ne. Jariri ba ya gaya maka inda ke masa ciwo. Sai ka ɗora abin sauraren ƙirji a bayansa, ka kasa kunne, ka rarrabe tsakanin numfashi mai kyau da wani ɗan ƙaramin sauti kamar ana murza gashi tsakanin yatsu, wanda ke nuna ruwa ya fara taruwa a huhu. Daga ranar nan na koma bin zagayen duba yara na safe da ido biyu. Na ga yana duban leɓen iyaye mata in suna magana. Na ga yana daɗewa a ƙirjin yaro fiye da da, yana danna abin cikin kunnensa.

Sai aka kawo wata yarinya daga Magami, ba ta kai shekara biyu ba, da zazzaɓi da tari. Ya duba ta, ya ce ƙirji lafiya, ya rubuta maganin zazzaɓin sauro, aka sallame su. Ina wurin. Na ga yadda hancin yarinyar ke buɗewa, na yi niyyar magana, sai na ce a raina wace ce ni da zan gyara wa Dakta a gaban mutane. Bayan 'yan kwanaki uwar ta dawo da ita a kafaɗa, leɓɓanta sun canja launi. Likitan da ke bakin aiki ya saurara ya ce huhu ɗaya ya cika. Muka yi ta fama da ita fiye da mako kafin Allah ya tashi kafaɗunta. Har yau ba zan iya rantsuwa cewa ciwon yana nan tun zuwan farko ba. Yana yiwuwa daga baya ya sauka. Amma uwar ta riƙe mini hannu ranar da za su tafi tana ta godiya, tana cewa Allah ya saka wa Dakta, ni kuwa na kasa duban idonta.

Asabar ɗin da ta biyo, Baba Almu ya zo da wani abu a leda. Faifan sidi ne sabo, kiɗan nan dai, amma wani jagora na uku da wasu makaɗa daban, wani ya kawo masa daga waje. Nan take na gane dabararsa. Faifai biyun can Dakta ya haddace su, ko kunnensa a toshe zai iya gardama a kansu. Wannan kuwa bai taɓa jinsa ba. Aka sa. Dakta ya rufe ido, ya jingina, yana kaɗa yatsa inda kiɗan ke da ƙarfi. Da aka zo wurin da ya yi ƙasa, yatsan ya tsaya, na ga ya buɗe ido kaɗan yana satar kallon lambobin da ke tafiya a jikin na'urar, don ya san lokacin da zai ce an gama.

"Mi ka gani?" in ji Baba Almu.

"Ba laifi. Tsaka-tsaki ne, bai kai tsohon ba."

"Ƙarshen fa? Wanga ya yi wani abu da sauran ba su yi ba. Mi yay yi?"

Dakta ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. Ya ce ba ya yanke hukunci a ji ɗaya. Baba Almu ya ce to a sake sawa, ya miƙa hannu wajen na'urar. Dakta ya ce a bari.

"Usmanu," in ji Baba Almu, ya kira shi da sunan da tun suna ɗalibai bai ƙara kiransa da shi ba. "Tun yaushe?"

Ina jin muryoyinku daga tsakar gida kuna wasan gala-gala. Dakta ya ajiye kofin a hankali.

"Gidana kaz zo jin kiɗa, ko jarrabawa kaz zo yi min? In darakta ne yaz zo, ofis na nan ranar Litinin. In aboki ne, abokina ba ya haƙa min rami da faifai."

Baba Almu ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya bar faifan a kan tebur. Na raka shi bakin ƙofa kamar yadda na saba. A nan ya tsaya yana neman makullin mota a aljihun da ba ya ciki.

"Hajiya, ni ban ga komai ba a asibiti, a falo na gani," ya ce. "Ba ni iya ɗaukar abin da na gani wurin shan shayi in kai ofis. Amma in wani da ke aiki da shi ya zo ya ce ga abin da ke faruwa ga yara, dole in yi abin da ya wajaba. Ina roƙon Allah shi da kanshi ya zo."

Na jira shi da kansa. Na jira har damina ta ɗauke aka fara yankan gero. Asabar ta zo ta wuce, ta sake zuwa, babu motar Tsafe, garmaho na rufe da ƙyalle. A asibiti na koma wata irin ɓarauniya: duk yaron da ya saurara, sai in san dalilin da zan sa wani likita ya sake dubawa ba tare da an gane ba. Amma ba kullum nake bakin aiki ba, kuma yara ba sa jiran ranar aikina.

Wata Juma'a bayan ya dawo masallaci ya ci abinci, na zauna gabansa, inda zai ga bakina. Na gaya masa komai, har da yarinyar Magami. Na roƙe shi ya je Zariya a auna kunnen, ya nemi a sauke masa duba ƙirji, ya riƙe koyarwa da sauran aikin da ba mai kamarsa a ciki. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Ke ma, Rabi'atu?" ya ce.

Na ce ni ce ma na fi kowa, don ni ke tsaye gefen gadon. Ya ce ana maganar ba shi shugabancin asibitin kafin ƙarshen shekara, in ya samu zai bar ɗakin yara da kansa, ba wanda zai sani. Na ce kafin ƙarshen shekara yara nawa za su ratsa hannunsa? Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ko da ido ya dubi yaro ya san abin da ke damunsa. Na ce na yarda, amma ya dubi ta Magami da ido. Nan fuskarsa ta sauya.

"In ba ka je ba, Dakta, ni zan je wurin Alhaji Almu," na ce. "Ba a ɓoye zan je ba, shi ya sa nike gaya maka."

"Ban ba ki izini ba."

"Na sani."

Ban taɓa fita ko nan da ƙofar gida ba tare da yardarsa ba, tun da aka kawo ni. Ranar Litinin na sa farin kayana, na bar shi yana karyawa, na ce masa ga inda za ni. Bai ɗago ba. Na tafi ma'aikatar, na hau matakala. Baba Almu da ya gan ni sai ya sallami mutanen da ke ofishinsa, ya ce in zauna, na ce a tsaye zan faɗa, don in na zauna ba zan iya ba.

Abin da Baba Almu ya yi bayan nan, ku saurara da kyau. Bai rubuta komai a kan mahaifinku ba. Ya kira shi su biyu, ya ce a je a auna kunne, sannan ya yi masa tayin kujera a ma'aikata, ta kula da horar da likitocin yara na jiha baki ɗaya. Dakta ya je Zariya, aka tabbatar jijiyar ji ce ke mutuwa a kunnuwa biyu, aka ba shi ɗan abin sawa a kunne da ke taimaka masa wajen hira amma ba wajen ƙirji ba. Kujerar kuwa ya ƙi ta. Ya ce ba zai zauna ƙarƙashin Almu a matsayin abin tausayi ba. Ya ajiye aiki da kansa. Muka bar gidan gwamnati muka koma Bungudu, gidan Inna, shi ne kuka canja makaranta a tsakiyar zango kuna ta kuka. Ni na ci gaba da zuwa Gusau aiki a motar haya.

Dangi suka nemi wanda za su ɗora wa, suka samu. Shugabancin asibiti ya tafi ga wani, aka ce Almu ne ya shirya. Inna ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da abotar da aka gina kan kukan aljanu ba, ta hana a ambaci sunansa a gidan. Na je wurin mahaifinku na ce zan gaya musu ni ce. Wannan ita ce doguwar magana ɗaya da ya yi mini a watannin nan.

"Ba za a ce matata ta kai ni ƙara ba. In kin faɗa, Inna ba ta barin ki kwana gidan ga, ni kuma ba ni iya hana ta. Ki bar shi yadda shike."

Na aika wa Baba Almu da wannan ta bakin matarsa. Amsar da ta dawo mini ita ce a bar zargin a kansa, shi namiji ne, kuma Tsafe da nisa.

Bai sake ni ba, bai zage ni ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da ya yi ya fi waɗannan ciwo. In na gaishe shi ya amsa. In na kawo abinci ya ci, ya ce an gode, kamar baƙo. In na shigo ɗaki da magana, sai ya sa hannu ya cire abin kunnen ya ajiye a kan tebur. Akwatin faifan yana ƙarƙashin gado, bai buɗe ba. Haka muka ci rani. Ku kuna ganin Babanku ya zama mai shiru ne saboda kunne. Akwai ranakun da nake sauka mota a bakin titin Bungudu in tsaya ƙarƙashin bishiya, in rasa ƙarfin ƙarasawa gida. Duk da haka ban taɓa cewa da ban je ba. Abin da nake cewa shi ne da ma wani ne ya je ba ni ba.

Sai da wata damina ta sake zagayowa. Ina hutun aiki, da hantsi, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, wata maƙwabciya ta shigo da jikanta a goye, yana tari. Mutanen unguwa ba su daina kawo masa yara ba, shi kuma kullum sai ya ce su tafi asibiti, ya daina aiki. Ranar nan ya fito zai ba ta wannan amsa, sai ya tsaya yana duban yaron. Ya ɗaga masa riga, ya dubi yadda haƙarƙarinsa ke shiga da fita. Ya koma ɗaki. Na ji yana jan akwati, ya fito da abin sauraren ƙirjinsa, wanda bai taɓa ba tun da muka baro Gusau. Ya ɗaga shi zai sa a kunne, sai hannunsa ya tsaya a hanya. Ya daɗe haka, matar na kallonsa, Inna na kallonsa daga bakin ɗakinta.

Ya juyo ya miƙo mini.

"Rabi'atu, wanke hannunki. Ki sa nan, ƙasan kafaɗar dama. Ki gaya min abin da kika ji, kada ki rage komai."

Na durƙusa na saurara. Ya matsar da hannuna ƙasa kaɗan da yatsunsa, ya ce nan. Na ɗago na dube shi, na faɗa masa a hankali, yana karanta bakina. Ya gyaɗa kai, ya ce abin da ya zata ke nan. Ya ce wa matar ta tashi yanzu, ba gobe ba, ya faɗa mata sunan allurar da za ta ce a fara da ita. Sannan ya ce in ɗauko mayafina in raka su Gusau, don in ni ce na kai shi ba za a bar su a layi ba.

Na shiga na ɗauko mayafin. Da na fito yana tsaye a zaure, ya riga ya tsayar mana da mota.